Gayyar Gajere

A bakin masallaci Gajere, kocin ƙungiyar ƙwallon ƙauyen Rimaye, ya ji labarin. Manyan ƙungiyoyin cikin garin Kankia da Kusada sun fice daga gasar rani da ake yi da ƙauyuka, sun kafa tasu, kuma sun sa ta da damina.

Nan take ya gane dabarar. Da damina 'yan wasansa a gona suke wuni. Ba sai an ce musu kar su zo ba.

Ya hau babur har Kankia, ya sami Abdurrahim, shugaban sabuwar gasar.

"Ranka ya daɗe, bara mu muka ci ku uku da nema. Yau kuma mu ne ba mu isa ba?"

"Haba Gajere, ai ba mu hana kowa ba," in ji Abdurrahim yana murmushi. "In kun sami sarari, ku zo."

Gajere ya juya babur ɗinsa. Ya bi ta ƙauyukan Sukuntuni da Boko, ya kira gayya. 'Yan wasan ƙauyukan uku suka riƙa taruwa a gona ɗaya, su nome ta tas kafin azahar, washegari su faɗa wata. Kafin ranar buɗe gasa har maimai sun gama.

Ranar, a-kori-kura ta tsaya a bakin fili. Gajere ya diro, tafin hannunsa duk ya yi kanta, 'yan wasansa na bayansa. Ya dubi Abdurrahim.

"Ranka ya daɗe, mun sami sararin. Wa za mu fara ci?"