Motar Safiyo

Mai tasi ya danna hon karo na uku a bakin lungu, sannan ya kashe mota ya fito ya jingina da ƙofa. Ina zaune a benci gaban shagon matata ina kallo. Auta, 'yar maƙwabcinmu Safiyo, ta fito daga gidansu da jakar kaya a hannu, ta je ta yi masa magana. Ya tayar da motarsa ya tafi ba fasinja. Da ta juyo ba ta shiga gida ba, wajena ta nufo.

"Kawu, ina kwana."

"Lafiya lau, Auta. Ya mai jiki?"

"Jiki ya ƙi. Likita ya ce a kai shi yau a ba shi gado, ruwa ya taru masa a ƙirji. Shi kuma ya ce ba zai shiga tasi ba."

"To me zai shiga?"

Ta dubi ƙofar garejinsu, ta dubi kusurwar shagon da nake zaune a gindinta, ta sunkuyar da kai.

Safiyo ya yi shekara talatin da biyar yana awon filaye kafin ya yi ritaya, shi ya sa sunan aikin ya bi shi. Mota ɗaya ya taɓa mallaka a rayuwarsa, ƙirar Amurka, irin dogayen nan na da, mai kalar madara da kujerun fata jajaye. Tsawonta ya kusa mita shida. Tayoyinta masu farin zobe ne, giyarta a jikin sitiyari take. In ka zauna a ciki sai ka ɗauka falon wani babban mutum ka shiga. Ta haura shekara arba'in, amma ko ƙwarzane ɗaya babu a jikinta.

Shekara tara ke nan ba ta taka titi ba. Ni ne sanadi.

Lokacin da na ajiye tuƙin bas, na gina wa matata shago a gaban gidanmu, tana sayar da ƙanƙara da lemon kwalba. Garejin Safiyo yana kallon shagon, lungun kuma matsattse ne. Kafin ginin, in zai fito sai hancin motar ya shiga filina kafin ya karya kwana. Na san da haka. Wanda ya yi shekara ashirin da shida yana juya bas a tasha ba zai ce bai san inda mota ke buƙatar wuri ba.

Ranar da aka ɗora bulo na farko, ya fito da tef ɗinsa na awo, ya ce in riƙe masa baki ɗaya. Ya auna daga turken iyaka zuwa harsashin, ya sake aunawa, ya naɗe tef ɗin.

"Filinka ne," in ji shi. "Ko inci ɗaya ba ka ci ba."

Ya koma gida. Bai ƙara tayar da maganar ba, gaisuwa kuma ba ta yanke tsakaninmu ba. Duk safiyar Asabar yakan buɗe garejin, ya goge motar da tsumma biyu, ɗaya jiƙaƙƙe ɗaya busasshe, ya duba baƙin mai da iskar taya, ya tayar da ita. Sai ya turo ta a hankali har bambar gaba ta kusa taɓa bangon shagon, ya tsaya minti biyar inji na aiki, ya mayar da ita baya. Mutanen layin suka saba. In an ji rurin injin sai a ce Safiyo ya tafi yawonsa na mita huɗu.

Na shiga shagon. Matata tana jera kwalabe a firiza, ta riga ta ji komai ta taga.

"Nawa za a fasa?" ta ce, ba ta juyo ba.

"Kusurwar nan. Kamar taku uku. Sai an janye firizar, a tokare kwanon da katako."

"Ƙanƙarar fa?"

"Za ta narke."

Ta rufe murfin firizar, ta goge hannu a zaninta. "Shekara tara ina jiran ka faɗi wannan da bakinka. Sai da mutum ya kwanta."

"Ke ma ai ba ki ce komai ba."

"Ni na iya tuƙi? Je ka kira magini."

Magini ya zo da guduma da katako biyu. Muka ja firizar tsakar gida, muka kwashe akwatunan lemo. Kafin ya fara duka na tsallaka gidan Safiyo.

Yana zaune a kujerar falo, an tokare masa baya da matashi uku. Ya sa farar riga mai guga, ya taje gemu. Ƙafafunsa sun kumbura. Numfashinsa yana fita da wani ƙaramin sauti kamar ana busa cikin kwalba.

"Direba," ya ce, "hayaniyar me nake ji a waje?"

"Gyara muke yi wa shago."

"Gyara." Ya tara iska. "Auta ta je ta yi maka kuka ke nan."

"Ba ta yi kuka ba."

"Ni ban aike ta ba."

"Na sani."

Ya sa hannu a aljihu ya ciro makulli biyu a zobe ɗaya, ya miƙo mini. "Mai kan murabba'i na tayarwa ne. Ka taka totur sau biyu kafin ka murɗa. Sau biyu, ba uku ba, in ba haka ba mai zai cika mata ciki."

Wajen ƙarfe sha ɗaya magini ya gama. Kusurwar ta zama tarin ɓaraguzai, muka kwashe da baro. Cikin shagon ya fito fili, har kalandar da ke bango ana gani daga titi. Maƙwabta suka taru a inuwa, telan layinmu ya ce shagon ya samu iska.

Na shiga motar. Ƙamshin fata da man goge katako ya buge ni. Na taka totur sau biyu na murɗa, ta tashi nan take. Ni da magini muka ɗauko Safiyo a kan kujerarsa har bakin gareji, muka shigar da shi baya, Auta ta zauna kusa da shi tana riƙe da matashi.

"A gaba zan zauna," in ji shi.

"Baba, baya ya fi faɗi."

"Shekara arba'in ban taɓa zama a bayanta ba." Ya dubi rufin, ya shafa kujerar da tafin hannu. "To, bari in ji yadda baƙi ke ji."

Sai da na yi gaba da baya sau uku kafin hancin ya juya. Magini yana gefe yana nuna mini da hannu. Bambar ta wuce ragowar bangon da tazarar da ba ta fi yatsu huɗu ba. Tayoyin suka hau kwalta, motar ta ɗan yi lilo ta daidaita.

"Kada ka taka ta kamar bas," ya ce daga baya. "Ba a tura ta. Sakin ta ake yi."

Asibitin bai fi tafiyar minti goma sha biyar ba ta cikin gari. Da muka kai shataletale ya ce in bi ta babbar hanyar da ta zagaya bayan gari.

"Baba, likita yana jira," in ji Auta.

"Ya jira. Ni ma na jira."

Na dube ta ta madubi. Ta ɗaga mini kai. Na karya dama.

A kan babbar hanya motar ta sake jiki. Ba ka jin rami, ba ka jin inji, sai dai ka ga turakun lantarki suna wucewa. Masu babur suna matsowa su leƙa. Wani mai tifa ya yi mana hon ya ɗaga babban yatsa. Safiyo ya ce a sauke masa gilashi, Auta ta danna maɓallin, iska ta shigo tana kaɗa masa wuyan riga.

Ya riƙa nuna wurare da haɓa. Wannan unguwar shi ya yanka ta, lokacin duk gonaki ne. Wancan gidan man ya ci hanya da mita ɗaya da rabi, ya rubuta a rahoto ba wanda ya karanta. A gindin waccan gadar maciji ya taɓa shiga masa jakar kayan aiki. Tsakanin magana da magana yana tsayawa ya nemi numfashi, mu kuma mu jira har ya samu.

"Safiyo," na ce, "da ka yi mini magana tun wancan lokacin."

"In ce maka me?"

"Ka ce na tare maka hanya."

"Ai ka sani. Mutum ba ya gaya wa direba abin da ya gani da idonsa." Ya yi tari, Auta ta goge masa baki. "Ƙara mata wuta kaɗan. Ta yi kewar tamanin."

Na ƙara. Allurar ta hau tamanin ta tsaya. Ya lumshe ido, ya jingina kai, har muka shiga ƙofar asibiti.

Mai gadi bai tambaye mu komai ba, ya buɗe ƙofar duka biyu ya ƙame. Ma'aikata biyu suka kawo gadon turawa. Da suka ɗaga shi ya riƙe hannun rigata.

"A inuwa za ka ajiye ta. Amma ba ƙarƙashin bishiya ba. Tsuntsaye."

Na ajiye ta a jikin bangon ɗakin gwaji, ta cinye wurin mota biyu. Na miƙa wa Auta makullin, ta ce in riƙe, ni zai tambaya in an taɓa motar. Na hau bas na koma gida.

Kwana biyu ya yi. An zuƙe masa ruwan, ya ɗan samu sauƙi, har ya sha shayi ya yi wa nas faɗa a kan tagar da ba ta rufuwa daidai. A rana ta uku da hantsi, ina taya matata rataya tamfol a inda bangon yake, wayata ta yi ƙara. Auta ce.

"Kawu, Baba ya rasu."

Na ce Allah ya jiƙansa. Matata ta saki igiyar da ke hannunta ta zauna a kan akwatin lemo. Tamfol ɗin ya zame ƙasa, muka bar shi a nan.

Aka binne shi a ranar. 'Ya'yansa maza biyu suka iso daga garuruwan da suke aiki. Babban ya tsaya a gaban shagon yana kallon ɓarakar, ya ce za su gina mana. Matata ta ce a bari tukuna.

Bayan kwana huɗu asibitin suka aiko cewa a zo a ɗauke motar. Mazan ba wanda ya yarda ya tuƙa ta, suka ce ba su san girmanta ba. Ni da Auta muka je. Ƙura ta ɗan kwanta a kan bonet, wani ya zana fure da yatsa a jikin ƙofa. Ta zauna a gaba. Muka biyo ta cikin gari.

A lungu sau biyu kawai na yi baya ta shiga. Na kashe ta. Auta ta fita ta buɗe ƙofar baya don ta ɗauko matashin da muka manta, sai na ga ta tsaya.

Takalmansa ne a ƙasan kujera, baƙaƙe masu igiya, an take bayansu saboda kumburin ƙafa. Da kansa ya cire su a hanya, ba wanda ya lura, ya jera su kusa da juna, bakinsu na kallon gaba.

Ta ɗauki matashin, ta bar takalman, ta tura ƙofar a hankali har ta kama. Muka tsaya a cikin garejin. Injin yana hucewa, yana ɗan ƙara, tak, tak, tazarar tana ƙara tsawo.