Hawayen Mahfuzu

Da surukinsa ya rasu, Mahfuzu mai shagon buhuna a unguwar Roumdé Adjia bai yi ko ƙwalla ba. Ba ƙin tsohon yake ba, idonsa ne kamar rijiyar rani. Matarsa Nasiha ta ce muddin aka yi addu'a a Lagdo bai zubar wa babanta hawaye ba, to can za ta yi zamanta, ya dawo Garoua shi kaɗai.

Ya gwada albasa, ya gwada tuna uwarsa. Shiru. Sai ya nufi maƙwabciyarsa Albertine, wadda ta tsufa tana sayar da magani.

"Akwai ƙwayar masu bushewar baki," in ji ta. "Amma Alhaji, ba ido kaɗai take taɓawa ba. Jijiyoyin da ke riƙe da jiki lokacin hutu take tasa, dukansu. Yawu, gumi, hanji, mafitsara. Zuciya kuma ta rage gudu."

"Madam, hawaye dai na zo nema."

"Ai ba kanti ba ne da za ka zaɓa."

Ta ba shi ɗaya. Da yake ɗan kasuwa ne, sai da ya nemi gyara, ta ƙara masa ɗaya.

A Lagdo ya haɗiye duka ya zauna sahun gaba, kusa da liman. Yawu ne ya fara zuwa, daidai lokacin da aka shigo da faifan kifi banda. Yayan Nasiha ya dube shi ya ce, "Suruki, ka bari dai a shafa." Gumi ya jiƙe babbar riga. Can cikinsa ya amsa wa liman da ƙarfi, har wani kurman tsoho ya ce amin.

Mahfuzu ya tsallake malamai ya ruga bayi. A nan, inda babu mai gani sai ƙadangare, hawayen suka iso.

Nasiha ta tarar da shi a bakin zana, a jiƙe sharkaf, zuciya na bugawa kamar mai jiran izini. Ta daɗe tana kallonsa.

"Maigida, ashe har hanjinka na son Baba."

Tare suka hau mota. Sun wuce gada ta dafa hannunsa ta ce, "Ka ji tarin da Kawu Adoum yake yi kuwa? Shi ma kamar uba yake a wurina."