Tafi da Hannu Ɗaya

Yatsunta na hagu sun kusa kai wa makunnin fitila ke nan Auta ta tsandara kuka.

Maman Aku ba ta waiwaya ba. Ta manna goshi da bango, ta cije leɓe, tana lallaɓa yatsun kamar mai lallashin yaro ya sha magani. Haka likita ta koya mata: ta tsaya gaban bango, ta ɗora yatsun, su yi ta rarrafe sama har inda kafaɗa za ta ƙi. Yaran sun raɗa wa abin suna gizo-gizo.

"Mama, gizon ya tsaya," in ji Aku, babbar 'yarta, wadda surutu ya ja mata wannan suna tun ba ta iya tafiya ba. "Mama, Auta ta tashi. Mama, Kwamanda yana cin sabulu."

Sabulun ne ya sauko da ita. Hannun ya zame daga bango, ya koma inda ya saba, a naɗe a ƙirjinta. Da na dama ta ƙwaƙule kumfa daga bakin Kwamanda, ɗanta na tsakiya, da shi ta sungumi jaririyar, da shi ta sauke tukunyar da ta fara ƙauri. Kafin ta sake tuna bango rana ta yi tsaka.

Kwanaki kaɗan bayan haihuwar Auta jininta ya hau, ta yanke jiki ta faɗi a ƙofar banɗaki. Ta farka a asibiti ɓarin jikinta na hagu kamar na aro. Baki ya daidaita, ƙafa ta dawo, hannu ne ya yi gardama. Likitar gashin ƙashi, wata doguwar mata marar wasa, ta ba ta ƙaramar ƙwallon roba ta matsawa, kuma ba ta ɓoye mata komai ba.

"Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Watannin nan na farko su ne naki. Safe da yamma, kullum. Ki kuma riƙa sa shi aiki, ko da zai ɓata miki lokaci. In kika bari ya saba da naɗewa, haka zai zauna. Akwai mai kama miki yara?"

"Akwai," ta ce. Kunya ce ta amsa, ba ita ba.

* * *

Baban Aku ba mugu ba ne, wannan kowa zai shaida. Bai taɓa barin gidan babu abinci ba, kuma da tana asibiti har hawaye ya yi a gaban mutane. Sai dai shi ma wani likitan ya ce masa ya rage tumbi, shi kuwa maganar likita ba ya wasa da ita in a kansa aka yi ta. Kullum in ya dawo daga shago, wanka, shayi, sai takalmin ƙwallo.

Yana ɗaure igiyar takalmin ta tsaya a kansa, Auta a kafaɗa.

"Baban Aku, da za ka ɗan riƙe min su kafin ka fita. Ba zan daɗe ba. In yi na bangon nan da na ƙwallo kawai."

"Yanzu? Ana jirana fa. In ban je ba babu mai tsaron gida."

"To in ka dawo."

"In na dawo ai a gajiye nake, kin sani." Ya miƙe yana buga ƙafa a ƙasa don takalmin ya zauna. "Ke da kike gida wuni guda? Ni ne ya kamata in yi kukan lokaci. Bari su yi barci mana."

Yadda ya faɗe ta, kai ka ce yara uku sun taɓa haɗa baki su yi barci tare tun da aka halicci duniya. Ya shafa kan Kwamanda, ya fita yana fito. Ta ji haushi, amma ba ta san inda za ta kai ƙara ba. Wa zai saurari ƙarar mutumin da laifinsa kula da lafiyarsa?

Ta gwada komai. Ta gwada da asuba, Auta ta riga ta farkawa. Ta gwada mayar da abin wasa, ta jera su a bango kowa da gizonsa. Aku ta kai har inda tsawonta ya ƙare ta ce ta ci, Kwamanda ya rataye a hannun mai ciwon yana lilo har sai da ta ga taurari. Ƙwallon kuwa kwana biyu ta yi a hannunta. Ta koma ta Kwamanda, ta shiga ƙarƙashin gado, ta fito, ta faɗa bokitin wanki, daga ƙarshe ta haye rufin maƙwabta. Ta maye gurbinta da safa a dunƙule. Ita ma aka yi 'yar tsana da ita.

* * *

Surukarta kan leƙo ranar da ta ga dama, ta zauna a kujerar da ta fi laushi, ta karɓi jaririya muddin ba ta kuka. Wata rana ta tarar da ita a gaban bango.

"Me kike nema a jikin bango, 'yar nan?"

"Motsa jiki ne, Hajiya. Likita ce ta ce."

"Motsa jiki." Tsohuwar ta yi dariya har ɗankwalinta ya zame. "Mace mai yara uku ake koya wa motsa jiki? Shara, wanki, wanke-wanke, duk mene ne? Mu da muka haifi namu, wa ya ba mu bango?"

Maman Aku ta so ta ce ai duk wannan da hannun dama take yi, don shi ne mai sauri, kuma yunwar yaro ba ta jiran hannun da ke koyon riƙe cokali. Sai dai ba a gardama da suruka. Amma maganar ta tsaya mata, ta kuma tuna likita ta ce a sa shi aiki. Don haka da ta zo yi wa Auta wanka a baho, ta tallafe bayan yarinyar da hagu, ta ɗauki soso da dama.

Ba ta ji lokacin da yatsun suka saki ba. Ganin fuskar Auta kawai ta yi a ƙarƙashin ruwa, idanu a buɗe. Ta cafko ta da dama tun kafin ta shaƙa da yawa. Yarinyar ta yi tari, ta yi kuka, ta lafa. Uwar ta tsaya tana kallon hannunta na hagu.

Hajiya ta fizge jikarta ta naɗe a zani.

"Kada ki ƙara taɓa min ita da wannan hannun. Kin ji ko? In ke kin yarda da shi, ni ban yarda ba."

Ba ta ƙara ba. Ba don tsoron Hajiya ba, ita kanta ta daina yarda da shi. Daga ranar hannun ya zama baƙo a jikinta, ana wanke shi, ana sa masa riga, ba a aikensa ko'ina.

* * *

Ta jima ba ta koma asibiti ba, don zuwa asibiti ma sai da mai riƙe yara. Ranar da ta samu maƙwabciya ta karɓi manyan biyu, ta goya Auta ta tafi.

Likita ta kama yatsun tana buɗewa ɗaya bayan ɗaya. Tana saki suna komawa. Ta ɗaga gwiwar hannun, ta tsaya inda ta ji ya ƙi.

"Kina yi kuwa?"

"Ina yi. In na samu sarari."

Ta zaci faɗa za a yi mata, ta ma shirya masa. Sai likitar ta kalli goyon da ke bayanta, ta kalli tabon ƙuna a hannunta na dama, ta sauke murya.

"Za mu ci gaba, don kada ya fi haka. Amma ba zan yi miki ƙarya ba. Abin da muke nema da farko, ya wuce mu."

"To. Na gode," in ji Maman Aku. Ta gyara goyonta da hannu ɗaya da haƙora, yadda ta ƙware yanzu.

* * *

Da yamma gidan ya cika da hayaniya. Baban Aku ya dawo da gumi, ƙungiyarsu ta ci, yana ba uwarsa labarin yadda ya kama wata ƙwallo da ba ta kamuwa. Hajiya ta zaunar da Auta a cinya tana mata waƙa.

"Yi tafi, amarya. Tafa, tafa."

"Ta iya!" Aku ta yi tsalle. "Mama, zo ki gani, ta iya irin naki."

Maman Aku ta leƙo daga kicin. Auta ta dunƙule hannunta na hagu ta manna a ƙirji, tana dukan cinyarta da na dama, tana ɓangale baki mai haƙora biyu. Haka uwarta take mata tafi tun da ta buɗe ido a duniya. Ba ta san akwai wani irin ba.

Ɗakin ya kwashe da dariya. "Kai, 'yar nan da kwaikwayo," in ji Hajiya tana share ƙwalla.

Maman Aku ta durƙusa a gaban yarinyar. Ta kama ƙaramin dunƙulen, ta shiga buɗe yatsun ɗaya bayan ɗaya, yadda aka yi mata ɗazu. Suka buɗe babu gardama, masu laushi, masu ɗumi. Ta haɗa shi da ɗan'uwansa ta nuna mata sau ɗaya, sannan ta saki.

Auta ta dube ta, ta dubi ƙirjinta, ta mayar da hannun inda ta ga na uwarta.