Ƙofa ta Biyu

Shekara tara ke nan da rufe gada, ga 'yar wani kafinta tana aure a tsallaken kogi. Uwarta, da ciwo ya kwantar, ba ta da zance sai na ganin jikoki. Da aka ce ran Laraba ƙasashen biyu za su sabunta tsohuwar yarjejeniyar sulhu a buɗe gada, kafinta har da 'yar ƙwalla.

Sai ga jami'in tsare-tsare ya kira shi zauren taro.

"Baba, ƙofa za ka fasa mana a bangon katakon can. Yarjejeniyar ta ce wakilai tare suke shiga, kowa ta ƙofarsa, kada wani ya bi bayan wani."

"To kakanninku yaya suka yi?"

"Su a tanti suka zauna."

Kwana biyu yana fama, ko abincin rana bai nema ba. Ran Laraba da hantsi wani mai tabarau daga tsallake ya zaro igiyar awo, ya gwada, ya ɓata rai.

"Sabuwar ta gaza da yatsa biyu. Wakilinmu ba zai raɓa ta nan ba."

Kafinta ya ɗauko siririn katako zai buga wa tsohuwar don su daidaita. Jami'i ya riƙe masa guduma.

"Haba Baba! Ƙofarmu za ka rage a gabansu?"

Kafinta ya ɗauki zarto ya faɗaɗa sabuwar. Aka auna, daidai wa daida. Sai mai tabarau ya shafa tsohuwar.

"Wannan tana da tarihi. Mu za a bai wa ta jiya-jiya?"

"Ranka ya daɗe," in ji kafinta, "in cire duka biyun mana. Ko ku shiga ta taga, akwai guda shida, duk awo ɗaya."

Ba wanda ya yi dariya. Aka kafa kwamiti, aka ɗage taro sai bayan wata huɗu.

Da kafinta ya koma gida, ya tarar matarsa ta sa an yi mata wanka, ta ɗaura sabon kallabi, tana zaune jingine da bango.

"Malam, sun sa hannu?"

"Ko shiga ba su yi ba."

Ta daɗe tana kallonsa, sannan ta ce ya taimaka mata ta kwanta.