Ranar da Baba Duba-gari Ya Daina Ƙorafi

"Wannan dankalin tun yaushe aka tsame shi daga mai?"

Baba Duba-gari ne ya dawo gaban kanta da tirensa, sandarsa rataye a hannu. Ƙarfe ɗaya na rana, ma'aikatan ofis sun fito cin abinci, layi har bakin ƙofa.

Na ce, "Yanzun nan, Baba."

"Yanzun nan na wace shekara?" Ya ɗauki sili ɗaya ya lanƙwasa, bai karye ba. "Kin gani? Dankalin da ya iya rusunawa haka ai ya daɗe a duniya."

Mutanen layi suka kwashe da dariya. Manaja ya leƙo daga ofishinsa, ya ga ko wane ne, ya koma ya ja ƙofa. Na karɓi tiren na miƙa wa Dogo, mai yi mana suya, ya zuba sabo yana gunaguni.

Baba Duba-gari maƙwabcinmu ne. Mu muna sama, ni da Ummata, shi yana ɗaki biyu na ƙasa, kusa da famfon tsakar gida. Shekara talatin ya yi yana zagaya gidajen abinci yana duba tsabta kafin ya yi ritaya, sunan aikin kuma ya bi shi. Da matarsa ta rasu sai ya rufe kicin ɗinsa. Kullum da rana yakan tako zuwa gidan soyayyar kazar da nake aiki, ya sayi cinya ɗaya da dankali, ban da yaji, ya zauna a teburin jikin taga. Saboda hular aikinmu yake kirana Jar Hula, har Umma ma ta ɗauka.

Ba ranar banza da ba ya samo abin faɗa. Yau tebur na danƙo, gobe an cika wa lemo ƙanƙara don a rage lemon. Wata rana ya ce murmushina na kanta bai kai ido ba, in ƙara ko in daina. Abin haushin shi ne yawanci da gaskiyarsa. Shi ya shinshina kaza ya ce man suya ya kwana uku, Manaja ya rantse bai kai ba, aka duba takardar kicin aka ga kwana huɗu. Daga ranar aka riƙa canza mai a kan lokaci.

Amma ranar da wani mai babbar mota ya wurgo mini ledar abinci a kan an manta masa tishu, Baba ne ya taso. Bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Ɗana, ƙorafi sana'a ce, ka bar wa masu ita. Abinci ake wa faɗa, ba yarinyar da ta miƙo shi ba. Ɗauki ledarka ka ba ta haƙuri." Mutumin ya ɗauka, ya kuma bayar.

Wata Talata aka yi mana cunkoso, oda ta haɗe. Sai da wani matashi ya dawo yana cewa kazarsa ba yaji na gane abin da na yi: tasa mai barkono na ba Baba, irin wadda ko ni sai da ruwa a gefe. Na bar kanta da sauri na nufi taga.

Yana zaune yana taunawa a hankali. Ya ɗago ya ce, "Yau kam ta yi daɗi, Jar Hula."

Na tsaya da tsumman goge tebur a hannu. Sai a lokacin na lura wuyan rigarsa ya yi masa yawa, agogonsa ya zamo har bayan hannu. Loma biyu ya yi, ya naɗe sauran a takarda, ya fita ba ko ƙorafi ɗaya.

Dogo ya leƙo ta tagar kicin ya ce, "Ke, tsohon nan lafiya kuwa? Yau bai zage ni ba."

Da na tashi aiki da yamma na same shi a kujerar ƙofar ɗakinsa. Na durƙusa na gaishe shi, na ce, "Baba, kazar ɗazu mai yaji ce."

Ya juya ya kalli famfo. Ya ce, "Wata biyu ke nan harshena ba ya jin komai. Kaza da kwali duk ɗaya. Kuma in na haɗiya sai ta tsaya a nan." Ya dafa ƙirjinsa.

"To duk ƙorafin nan fa?"

"Da ido da yatsa nake yi. Ai ba a manta aiki." Ya yi 'yar dariya, sannan ya tsare ni da ido. "Kada ki faɗa wa Antinki. Cikinta ya tsufa, ga makaranta. Kin ji ni?"

Anti Malama ita ce 'yarsa tilo, tana koyarwa a can ɗaya gefen gari. Na hau sama na faɗa wa Umma. Umma ta ajiye wuƙar da take yanka albasa ta ce, "Gara ya yi fushi da ke yana raye. Kira ta." Na ɗauki waya na kira ta.

Washegari aka kai shi asibiti. Bayan kwana tara aka dawo da shi gida. Likita ya ce ciwo ne a hanyar abinci, ya riga ya yi nisa, sai dai a lallaɓa. Anti Malama ta tare a ɗakin mahaifiyarta. Ni kuwa Baba ya daina amsa gaisuwata. In na shiga sai ya juya fuska bango. Mako guda ina wuce ƙofarsa kamar ɓarauniya.

Ranar Asabar ina saukowa na ji muryarsa, ta shaƙe amma ita ce. "Jar Hula mai tsegumi. Shigo."

Na shiga na zauna a ƙasa kusa da gado. Na fara ba shi haƙuri, ya ɗaga hannu.

"Rahoto kika kai, kuma rahoton gaskiya ne. Ni ma haka na yi wa mutane shekara talatin, ba wanda ya gode mini." Ya numfasa. "Yanzu wa ke zama a teburina?"

"Wasu 'yan mata masu ɗaukar hoton abinci."

"Suna ƙorafi?"

"A waya suke rubutawa, Baba. Tauraro ɗaya cikin biyar suka ba mu jiya."

"Ragwaye. Mutum ya zo gaban kanta a ga idonsa."

Daga nan kullum na taso sai na biya in ba shi labarin wurin aiki: matar da ta cinye kaza tas sannan ta ce ɗanya ce, direban da ya yi barci a kan tirensa. Yana lumshe ido yana yanke hukunci, wannan da gaskiyarta, wancan a kore shi. Anti Malama ta ce lokacin nan ne kawai yake manta ciwo.

Wata rana ya ce yana son kazarmu. Anti ta kalle ni, don ko kunu da cokali ake ɗiga masa. Duk da haka na faɗa a wurin aiki. Manaja ya miƙe daga kujerarsa. Ya cire agogo, ya ɗaura ƙyallen kicin a gaba, ya sa aka zuba sabon mai, ya soya da hannunsa. Ya naɗe kwalin a tawul don kada ya huce, muka taho a motarsa yana ta danna ham.

Baba ya sa aka jingina shi da filo. Ya buɗe kwalin, tururi ya bugi fuskarsa. Ya juya cinyar, ya tsaga ta da yatsa ya duba jikin ƙashi. Manaja na tsaye bakin ƙofa kamar ɗalibi gaban hedimasta.

"Wa ya soya?"

"Ni ne, Baba."

"To ka bar wa Dogo ofis, kai ka koma kicin." Ya ɗan lashi yatsarsa. "Ta yi. Amma kada ka ji na ce ta yi ka saki jiki."

Manaja ya yi dariya, dariyar ta karye masa a tsakiya, ya fita tsakar gida. Baba ya tura wa Anti kwalin ya ce ta ci saboda jikansa, ya zauna yana kallonta har ta cinye.

Bayan kwana biyar, da safe ina goge rigar aiki, na ji Anti Malama ta kira Umma sau ɗaya, ba da ƙarfi ba. Umma ta sauka ba takalmi. Na kashe dutsen guga na bi ta. Baba na kwance a gefensa, hannu ɗaya ƙarƙashin kunci, taga a buɗe. Rai ya riga ya yi halinsa. Umma ta ja masa mayafi, ta rungume Anti.

Mutane suka cika gidan har yamma. Tsofaffin abokan aikinsa sun zo, da masu shagunan layinmu, har wata mai gidan abinci da ta ce ya taɓa rufe mata shago wata guda, tana faɗa tana share hawaye. Kofuna da kwanuka suka taru a gindin famfo, ba mai lokacin taɓa su.

Da mutane suka fara raguwa na fito da wani tire na kofunan shayi. Na tarar da Manaja da Dogo a tsugune bakin famfo, sun naɗe hannun riga. Dogo na sa sabulu, Manaja na ɗaurayewa yana kifewa a kan dakali. Na ajiye tiren a gefensu, na ɗauko tawul, na tsuguna na fara gogewa.