Ruwan Garkar Harisu

Harisu manomi ne a wani ƙauye gabas da Dakoro. Shekara ashirin ke nan yana abota da Agali, makiyayi, wanda kowane rani yake saukowa da iyalinsa da dabbobinsa ya kafa bukka a bakin koramar da ke ƙasan gonar Harisu. Koramar ba ta gudu sai da damina, amma ruwa yakan kwanta a wani lungu nata har tsakiyar rani.

Tsakanin gonar da koramar akwai tsohon ramin haƙar ma'adinai. Wasu baƙi ne suka zo da injuna, suka yi shekara uku suna fasa dutse suna wanke shi da magani, sannan suka kwashe kayansu suka bar tulin ƙasa mai ruwan toka wanda ko ƙaya ba ta tsirowa a kansa.

A bara Harisu ya sa aka haƙa masa rijiya, ya ɗora mata injin ban ruwa, ya yi garka: albasa, kabeji da tumatir. Ruwan da ya yi saura bayan shuka ta ƙoshi, sai ya ji ba zai iya barinsa ya lalace ba. Ya ɗauki hauya, kwana huɗu yana yanka masa hanya ta gindin tulin nan har korama. Da Agali ya sauka, Harisu ya ja hannunsa ya nuna masa.

"Bana dabbobinka ba su da ƙishirwa, abokina. Kullum na yi ban ruwa, kai ma ka samu."

Agali ya yi dariya, ya ce Allah ya bar zumunci.

Wata biyu ba su cika ba awaki suka fara ɓari. Daga nan sai taguwar Agali, farar raƙuma mai yawan nono, ta daina kiwo. Da nononta mahaifiyarsa Lalla take rayuwa, don tsohuwar ba ta iya haɗiye tuwo. Aka ba taguwar kanwa, aka ba ta saiwoyi, ba ta tashi ba. Ranar wata Laraba da hantsi ta miƙe wuya a ƙasa, ta mutu. Harisu yana cikin waɗanda suka ja ta zuwa bayan tudu, yana ta tsine wa baƙin da suka bar ramin.

Wata ma'aikaciyar ruwa mai suna Ramla ta zo daga Dakoro, ta ɗebi ruwan a kwalabe ta aika Maraɗi. Bayan sati biyu ta dawo, ta ce Harisu ya raka ta. Suka bi hanyar ruwan da ƙafa har gindin tulin, nan ta tsaya.

"Baba, wa ya yanka wagga hanya?"

"Ni ne, ɗiyata."

Ta nuna masa tulin. "Ruwan rijiyarka lafiya lau yake. Amma in ya ratsa ƙasar nan sai ya jiƙa ta ya kwashi gubar da ke ciki. Da damina ruwa da yawa, yana wucewa da ita. Yanzu kuwa ba abin da ke shiga koramar sai naka."

Harisu ya zauna a ƙasa. Ya duba tafin hannunsa, inda hauya ta sa ya yi kanta.

Bai bari wani ya kai labarin ba. Ya tarar da Agali yana dafa shayi, ya durƙusa a gabansa ya faɗa masa komai. Agali bai ɗago ba har ya gama zuba shayin. Ya miƙa masa kofi.

"Alheri ka nufa. Na sani."

"Ka ce wani abu, Agali. Ko zagina ka yi."

"Mi zan ce maka? Sha shayinka."

Daga cikin bukka Lalla ta tambaya da siririyar murya wa ya zo. Agali ya ce Harisu ne. Ta sa masa albarka kamar kullum, saboda ba a faɗa mata ba.

Washegari Harisu ya cike hanyar ruwan da ƙasa. Kwana uku bayan haka Agali ya kwance bukka, ya ɗora tsohuwar a kan jaki, suka nufi wajen Bader Gula da ragowar awakin. A can Lalla ta rasu kafin saukar damina. A kasuwar Dakoro Harisu ya ji, wurin wani mai sayar da igiya, bayan har an yi sadakar bakwai.

Albasar ta yi kyau a shekarar. Matarsa Balkisu ce ta cire ta ita da ƙannenta, don shi ya kasa shiga garkar.