Haruffa Masu Ƙugiya

Radiyya Yari ta shekara shida tana aiki a shagon leshi da atamfa na wata Bayarabiya a kasuwar Idumota, wadda kowa ke kira Alhaja. Aikinta shi ne shiga tsakanin Alhaja da 'yan kasuwar Arewa masu zuwa sari, domin a Agege aka haife ta, Yarabanci a bakinta kamar Hausa yake. Amma in aka tambaye ta sana'arta, ba leshi take fara ambata ba. Cewa take yi tana rubuta littattafan yara.

Littafi ɗaya ta taɓa fitarwa. Na biyun, mai shafi ashirin da huɗu kacal, sai da ya ci mata wata goma sha huɗu. A waya ta rubuta shi, yawanci a cikin danfo, ƙaramar bas ɗin haya, da safe, in ta yi sa'ar samun kujerar jikin taga inda ba a zungurar mutum da gwiwar hannu. Labarin wata akuya ne da ta tsinke igiya a kasuwar dabbobi ta Alaba Rago, ta hau danfo tana neman hanyar gida. Zanen ciki kuwa Malam Idrissa ne ya yi mata, wani dattijo mutumin Damagaram da ke rubuta allunan shaguna a bayan layinsu.

Tun da saura wata guda Malama Halima Sa'adiya, shugabar wata ƙaramar firamare a unguwarsu, ta gayyace ta ta zo ta karanta wa yara sabon littafin ranar Asabar ta ƙarshe kafin hutun Babbar Sallah, ƙarfe goma na safe. A ranar Radiyya ta nemi izini wurin Alhaja, Alhaja ta ce ba komai, Allah ya kai mu.

Ranar Talatar makon da za a yi karatun, mai ɗab'in littafin ya kira daga Shomolu, ya ce ta zo ta duba samfuri kafin ya sa a inji. Shago kuwa ya cika da masu sarin Sallah, ko azahar sai wajen ƙarfe uku ta samu ta yi. Da ta ga ba hali, sai ta ce masa ya buga kawai, ai ta karanta rubutun ya fi sau ashirin.

Ranar Alhamis ta biya ta ɗauko katan ɗin littattafan a ɗaure. Hadari ya taso, ba ta tsaya buɗewa ba. Ta isa gida ana shirin magariba, ta yanke igiyar da wuƙar girki, ta zaro guda ɗaya. Bangon ya yi kyau, akuyar na leƙe ta tagar danfo. Ta buɗe shafin farko. Duk inda harafi mai ƙugiya yake, babu shi. Wani ɗan akwati ne fanko a wurinsa. Ƙofa ta koma akwati da "ofa", ɗaki ya koma akwati da "aki". Ta zaro na biyu, ta zaro na ƙasan katan ɗin. Duka haka suke.

Ta kira mai ɗab'in. Ya saurare ta har ta gama, sannan ya ce mata da Yarabanci wai kwamfutarsa ba ta san waɗannan haruffa ba, kuma ai don irin haka ya ce ta zo ranar Talata. Ya ce zai sake bugawa, amma sai bayan Sallah, domin injinansa duk sun cika da aikin mutane. Abin da ya fi ƙona mata rai shi ne gaskiya ya faɗa.

Mahaifiyarta, Inna Mairama, tana zaune tana tsince wake, ta ce ta je ta karanta musu a haka mana, yara ne, wa zai lura.

"Inna, ai don haka na rubuta shi," in ji Radiyya. "Suna jin Hausa a gida, amma ba wanda ya taɓa nuna musu yadda ake rubuta ta. Sai in kai musu littafin da ƙofa ba ta da kai?"

Inna ta ce to Allah ya kyauta, ta ci gaba da wakenta.

Da sassafe ranar Juma'a ta biya wurin Malam Idrissa, ta tarar yana dama fenti. Ya goge hannu ya karɓi littafin, ya ɗaga shi sama ya duba ta ƙasan tabarau. Ya ce akwatunan suna da ɗan faɗi, in aka samu bik, wato biro, mai siririn baki harafi zai shiga ciki. Ya gwada ɗaya, ya fito tsaf kamar da ma haka aka tsara.

"Ki bar mini ashirin, ɗiyata," ya ce. "Ke ki tafi da goma. Yaran lakwal ɗin su nawa ne?"

Ta ce yaran makarantar sun kai sittin. Ya ce to su haɗu bibbiyu, ba laifi ba ne.

A danfo ta rubuta wa zauren iyaye na WhatsApp, inda ake yawan tambayarta ina littafi, cewa littafi ya fito, gobe ƙarfe goma a makarantar Malama Halima. Ta fara rubuta maganar haruffan, ta goge.

A shago ta ɓoye littattafan a ƙarƙashin tebur. Duk lokacin da mai saye ya juya yana shawara da ɗan'uwansa, sai ta sunkuya ta cike harafi biyu ko uku. Littafi ɗaya yana da akwati sama da ɗari. Har la'asar uku kawai ta gama, na huɗun kuma wani ya jingina bandir ɗin atamfa a kansa ya lanƙwashe bangon.

Ana shirin rufe shago Alhaja ta kira ta. Ta ce gobe da safe Hajiya Balkissa za ta zo daga Maraɗi, babbar mai sari ce, ba ta jin Yarabanci ba ta jin Turanci, saboda haka dole Radiyya ta zo. Radiyya ta tuna mata alkawarin da ta yi tun wata guda. Alhaja ta ce ba ta manta ba, amma kasuwar Sallah sau ɗaya take zuwa a shekara, kuma awa ɗaya ce kawai. Hajiyar ta ce ƙarfe bakwai za ta iso, kafin takwas an sallame ta.

Radiyya ta so ta ce a'a. Ta tuna cewa aikin nan ne ke riƙe da gidansu, da shi ma ta buga littafin. Ta ce to.

Ƙarfe bakwai saura tana bakin shago. Hajiya Balkissa ba ta iso ba sai tara da rabi, tana ba da haƙuri, wai masaukinta ne da nisa. Mace ce mai fara'a, ba ta kuma da gaggawa ko kaɗan. Kowane leshi sai an warware mata shi, ta shafa, ta fita da shi bakin ƙofa ta gani a rana, sannan ta kira 'ya'yanta a Maraɗi ta nuna musu ta waya su ma su zaɓa. Radiyya na fassara, wayarta na ruri a aljihu. Malama Halima ce, sau uku. A karo na huɗu ta ɗaga ta ce tana hanya, alhali tana riƙe da gefen leshi mai ruwan toka.

Sha ɗaya da rabi ta fita. Ta samu danfo nan da nan, amma kafin Oshodi wata tirela ta lalace a tsakiyar titi. Suka tsaya cak. Kwandasta da wani fasinja suka kama cacar baki, rana na dukan rufin motar. Ta fito da bik ta buɗe littafi a cinyarta, sai harafin farko da ta rubuta ya fita daga akwatin. Ta rufe. Hawaye ya zo mata, ta juya fuska wajen taga don kada matar da ke kusa da ita ta tambaye ta.

Ƙarfe biyu saura kwata ta shiga makarantar. Bencina a jere a ƙarƙashin rumfa, yawancinsu babu kowa. A jikin allo akwai akuyoyi iri-iri da aka zana da alli. Malama Halima ta tare ta ba yabo ba fallasa, ta ce yara sun kai hamsin da safe. Malam Idrissa ya zo da littattafansa ashirin a gyare, ya riƙe yaran fiye da awa ɗaya yana koya musu zane, amma ya ƙi karanta labarin, ya ce mai shi ce za ta karanta. Daga baya iyaye suka fara zuwa suna ɗaukar 'ya'yansu. Saura tara, su ma don ba a zo ɗaukarsu ba ne.

Radiyya ta zauna ta fara karatu. Muryarta ta dushe saboda surutun kasuwa, kuma tana sauri kamar ana korar ta. Yaran sun gaji, suna jin yunwa, biyu ma suna gyangyaɗi. Sai da aka zo inda akuyar ta cinye tikitin wata fasinja aka samu masu dariya. Wata yarinya mai suna Kalsum ta ɗaga hannu ta tambaya me ya sa wasu haruffan suke zaune a cikin akwati. Radiyya ta ce mata kuskure ne aka yi wurin bugawa. Ta tashi ta rubuta k da ƙ a allo, ta sa suka faɗi kafa da ƙafa. Ba su kai ga sauran haruffan ba aka zo ɗaukar huɗu daga cikinsu.

Da za su rabu Malama Halima ta ce za ta sake sa rana bayan hutu, amma sai Radiyya ta tabbatar tukuna, domin ba za ta sake tara 'ya'yan mutane a rana ba. Radiyya ta ba ta haƙuri. A hanya Malam Idrissa ya ɗauki katan ɗin ya raka ta har ƙofar gida, yana ba ta labarin wani allon mai shayi da ya taɓa rubutawa a juye. Ta gode masa, amma ba ta iya dariya ba.

Bayan Sallah, ranar da aka buɗe shago, ta jira sauran ma'aikata biyu suka hallara, sannan ta durƙusa ta gaida Alhaja.

"Alhaja, ina son aikin nan, ba kuma na son barinsa," ta ce. "Amma ina neman Asabar biyu a wata, waɗanda ko wa zai zo ba za a kira ni ba."

Alhaja ta yi faɗa sosai. Ta ce yaran yanzu ba su san darajar aiki ba, ita tun tana shekara sha biyu take kasuwa ba ta san hutu ba. Radiyya ba ta tashi daga durƙuson ba. Daga ƙarshe Alhaja ta ce guda ɗaya, Asabar ɗin farkon wata, ban da lokacin Sallah da Kirsimeti. Radiyya ta roƙe ta ta maimaita a gaban sauran, ta maimaita tana harararta.

Asabar ɗin farko ta yi niyyar fara littafi na uku. Rabin ranar ya tafi a Shomolu, tana bin sabon samfurin littafin akuyar layi-layi da yatsa. Ta dawo ta tarar da wanki ya taru. Da ta gama shanya bayan la'asar, ta jingina da bango ta buɗe waya, ta rubuta jimla ɗaya da rabi. Inna Mairama ce ta zo ta zare wayar daga hannunta, ta bar ta tana barci.